Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Jimmy Wales: Sai Lema Ta Ƙi Buɗewa Ake Shahara?

Yallaɓai, barka da aiki. Ba doguwar gaisuwa ta kawo ni ba.

A 2004, a matsayinka na ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa Wikipedia, ka yi wa duniya albishir cewa kowane mutum zai samu dukkan ilimin ɗan Adam kyauta. Dukka, ka ce. To ga tsallen lema na dogon zango nan, wato wani salon dirowa daga jirgin sama da lemar sauka, ana ta ja-in-ja ko ya isa a ba shi shafi a Wikipedia, wai bai shahara ba.

Mai tsallen lema na yau da kullum yakan faɗo a saman filin sauka, ya yi kusan minti guda yana sulalowa kafin ya buɗe. Shi na dogon zango jirgi ke kai shi nesa, ta inda iska ke kaɗowa, ya fito a tsayin mita 4,000 ko kusa da haka, ya buɗe nan take, ya bi iska ta mayar da shi gida. Lemar zamani, wadda ta samo asali daga ƙirar Domina Jalbert a shekarun 1960, takan ci gaba kamar mita 3 kafin ta yi ƙasa mita 1, iska kuma ta ƙara mata tafiya. Sanyin sama ya ƙame masa yatsu, ɗamarar cinya ta matse shi har ƙafa ta mutu. In lissafin iska ya kuskure, sai gonar wani, ko wayar lantarki. Sojoji ma suna yin irinsa daga can ƙololuwa, da tukunyar iskar shaƙa, don su shiga yanki ba a ji ƙarar jirginsu ba. Duk wannan ba ilimi ba ne?

Ƙa'idarku ta ce sai majiyoyi masu zaman kansu sun yi dogon bayani a kan abu. Madalla. Amma yaushe ɗan jarida ke leƙa filin 'yan lema? Sai lema ta ƙi buɗewa, ko kuma Felix Baumgartner, ɗan leman Ostiriya, ya ɗaura fiffike ya ƙetare tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa, kamar yadda ya yi a Yulin 2003. Wanda ya sauka lafiya ya naɗe kayansa, ba labari ba ne. Ashe hayaniya kuke aunawa.

Kai ma ka ɗanɗana. A 2007 ka buɗe shafi kan Mzoli's, wurin gasa nama a Gugulethu ta Afirka ta Kudu, minti 22 aka goge shi. An mayar, don kai mai gida ne ka rubuta. Wanda ba shi da sunanka fa, wa zai tsaya masa?

Na san amsarka: 'yan sa-kai ke yanke hukunci, ba kai ba. Haba Yallaɓai! Kana da kujera a kwamitin amintattu na gidauniyar da ke kula da Wikipedia, in ka yi tari ana ji. Ku da kanku kuka rubuta cewa Wikipedia ba takarda ba ce, shafi ba zai ƙare ba. Don Allah ka fito ka ce littattafan horo na ƙungiyoyin 'yan lema da mujallunsu hujja ne. In ma ba za a ba shi shafin kansa ba, a ba shi cikakken sashe a maƙalar tsallen lema, ba layi biyu ba.

Akwai kuma batun wasanni irin su langa da sharo, da suka fi yawa a baki a kan takarda, ma'aunin nan su ma yana cutarsu. Wannan sai wata wasiƙar.

Na gode.