Godiya ga shagon gyaran kayan kiɗa da ya ceci jitata

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri ga maigidan shago da yaransa duka, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne don godiyar da na yi muku da baki ranar da na karɓi kayana ba ta ishe ni ba. Aikin da na kawo muku ƙarami ne, sukuru biyu da noti biyu, irin wanda wani mai gyaran zai murɗa a tsaye ya miƙo maka yana kallon wani waje. Ku kuwa kun ba shi kwana biyu, kun kuma zaunar da ni kun nuna mini inda matsalar take.

Ina kaɗa jitar bes, kuma duk wanda ya taɓa rataya ta ya san ba sa'ar ƙaramar jita ba ce. Tun da Leo Fender, maƙerin jita ɗan Amurka, ya fito da jitar bes mai suna Precision Bass a 1951, tsawon tsirkiya na inci 34 ya zama abin da yawancin masu ƙerawa ke bi, ga dogon wuya mai rinjaya ƙasa, ga gangar jiki mai kauri. Tawa ta ɗan haura kilo 4. Duk wannan nauyin a kan maɓallai biyu yake rataye, inda ake maƙala maratayi, wato ɗamarar rataya jita a kafaɗa, ɗaya a ƙahon sama na jikin jitar, ɗaya a gindi, kowanne da siririn sukuru guda da ya shiga katako. Shekara da shekaru ban taɓa tsayawa na yi wannan lissafin ba.

Na gindin ne ya fara rawa. In na ji yana motsi sai in ɗauko sukundireba in ƙara masa murɗi, ya yi sati biyu lafiya, ya koma. Da ya fara juyawa ba ya kamawa, na cusa tsinken ashana a ramin. Da wannan ma ya ƙi, na ɗiga masa sufa gulu, ina ganin na yi dabara. Ranar da abin ya kai maƙura muna tsakiyar gwaji ne, na ɗan juya zan yi wa mai ganga alama, sai ji na yi maratayi ya saki. Maɓallin ya fito da sukurunsa da garin katako a jiki. Allah ya sa gwiwata ce ta tare jitar, da kan wuyanta ne zai fara dukan ƙasa. Washegari na zo wurinku.

Abin da ya fara burge ni, maigida bai yi mini dariya ba, ko da yake na ga yaron da ke gefensa yana danne tasa sa'ad da aka zaƙulo guntayen ashana daga ramin. Ya haska ramin da ƙaramar fitila, ya ce, "Malam, ba sukurun ne ya lalace ba, naman katakon ne ya cinye." Ya ɗauko wani guntun katako daga ƙarƙashin tebur ya nuna mini yadda jijiyarsa ke tafiya a tsaye, daga wuya zuwa gindi. Sukurun maɓallin gindi yana shiga ne ta bakin jijiyoyin, yana bin tsawonsu, kuma nan ne wurin da katako ya fi raunin riƙo. Kowane murɗi da na ƙara, haƙoran sukurun na ƙara tsinka jijiyar ne har ramin ya zama sumul. Ya ce tsinken sakace da gulun kafinta ba laifi ba ne in ramin bai yi faɗi ba, masu gyara da yawa na yi kuma yana riƙewa. Amma nawa ya wuce nan, kuma sufa gulun da na zuba ya bushe ya zama kamar gilas, ya toshe katakon yadda gulun kirki ba zai samu wurin kamawa ba.

Na tsaya na ga yadda aka yi, kuma wannan ne dalilin wasiƙar. Sai da aka liƙa salatif kewaye da ramin don kada fenti ya tsage. Aka faɗaɗa ramin da injin huda, a hankali, har aka kwashe ruɓaɓɓen wurin aka iske katako mai lafiya. Aka yanko wani mulmulallen katako mai tauri daidai faɗin ramin, aka shafe shi da gulun kafinta, aka buga shi ciki, aka goge wanda ya tsatso da jiƙaƙƙen ƙyalle. Ni a gaggauce nake, na ce ko za a ɗaura in tafi. Maigida ya ce gulun na son awa 24 kafin a ɗora masa nauyi, in ba zan iya jira ba gara in ɗauki abina yadda na kawo shi. Na ji haushi a lokacin, ba zan ɓoye ba. Da na dawo, an daidaita kan katakon da jikin jitar, an huda sabon rami siriri wanda bai kai kaurin sukurun ba, da salatif a jikin bakin mahujin don kada a zarce zurfi. Aka goga kyandir a haƙoran sukurun, aka sa sabon zoben ƙyalle mai laushi tsakanin maɓalli da fenti, aka murɗa da hannu. Yaron ya miƙo injin ɗaure sukuru, maigida ya ture shi, ya ce inji ba ya jin lokacin da katako ya ce ya isa.

Ramin maɓallin ƙahon sama bai kai wancan lalacewa ba, tsinken sakace biyu da gulu suka wadatar. Na lura ba a yi masa babban aiki don kawai a nuna an yi aiki ba.

Sai maganar makullan maratayi, ƙarafan da ke kulle maratayi a jikin maɓallan don kada ya zare, inda na fi jin kunya. Nawa na kamfanin Schaller ne na ƙasar Jamus, tsohon samfuri, wanda ƙarfensa ke ratsa hujin fatar maratayi a ɗaure shi da washa da noti. Maigida ya taɓa notin da yatsa biyu, sai ga shi yana juyawa. Ashe fata na lotsawa a hankali, notin ya samu sarari ya kwance, kuma ranar da ya fita gaba ɗaya makullin zai zauna daram a kan jita, maratayin ne zai zare. Ban da haka, ɗaya daga cikin makullan ya juye. Ƙarfen nan mai kama da kofaton doki, bakinsa sama ya kamata ya kalla, maɓallin ya zauna a cikinsa kamar a kwano, ta yadda ko ɗan harshen da ke kullewa ya saki, nauyin jitar na nan a tallafe. Nawa bakinsa ƙasa yake kallo, ƙaramin harshen kaɗai ke ɗauke da kilo 4. An juya shi, an ɗaure notin da sifana, an ɗiga masa ruwan nan shuɗi mai hana noti kwancewa, nesa da jikin jitar don kada ya taɓa fenti.

Na tambaya ko in sayi sababbi, tunda akwai su rataye a bangon shagon. Ya sauko mini da biyu na gani. Na Dunlop, wanda ake danna maɓalli a tsakiya ƙananan ƙwallayen ƙarfe su saki, da sabon na Schaller da ake kira S-Lock, wanda maɓalli da sukurunsa a haɗe suke, kuma maimakon noti yana da ƙaramar taya mai nata ɗan sukurun a gefe. Ya yi mini gargaɗi cewa maɓallin wani kamfani ba lalle ya karɓi makullin wani ba, kuma kan sukuru in ya yi girma yana hana makulli zama. Sannan ya mayar da su bango, ya ce nawa ba abin da ya same su, in riƙe kuɗina. Mai kaya a bango ya ce kada ka saya, wannan ban cika gani ba.

Yau wata huɗu ke nan. Kafin kowane gwaji ina kama maɓallan in girgiza, in taɓa notin, kamar yadda aka koya mini, kuma har yanzu ko gezau. Yaron shagon nan da ya danne dariyarsa, ina gaishe shi da kyau, shi ne ya bi ni har bakin ƙofa ya ce in riƙa zagayo da wayar amfilifaya ta bayan maratayi kafin in soka, don in na taka ta kada ta fizge. Maigida, Allah ya ƙara wa hannunka albarka, ya buɗa kasuwa. Jitar abokina ma nata maɓallin ya fara rawa, na hana shi taɓa ashana, zan kawo muku shi da ita ranar Asabar in Allah ya kai mu.

Naku,
Wani makaɗin jitar bes