Rahoton Ayyukan Shekara: Garin Ƙashi Daga Dagwalon Kabaid da Ƙasusuwan Mayanka

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayen ƙungiya, malamanmu da 'yan uwa mambobi, ga bayanin abin da kwamitin bincike ya yi a bana a nan Gombe.

Kusan dukkan ƙarfinmu ya tafi ne kan abu ɗaya, wato haɗa haidiroksiyafatait, sinadarin kalsiyam da fosfet wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin ƙashin mutum da haƙoransa. Likitoci na cike gurbin ƙashi da shi, ana kuma shafa shi a jikin ƙarfen da ake dasawa a ƙugu don ƙashi ya kama shi. Daga waje ake shigo da shi, alhali kayan haɗinsa na zube a bayan garejin kanikawa.

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu walda da gas ya san farin dagwalon nan da suke juyewa a kwata bayan kabaid ya gama aiki, mai wari kamar tafarnuwa. Wannan ruwan farar ƙasa ne, kalsiyam ne jingim a ciki. Mun karɓo shi a jarkoki, muka tace ɓurɓushin gawayi da yashi, muka shanya, muka ƙona a tanderun lantarki a digiri 900. Sannan muka dama shi da ruwa, muna ɗiga ruwan asid na fosfarik kaɗan-kaɗan ana juyawa. A nan ne haƙuri yake aiki. Ma'aunin kalsiyam da fosfarus sai ya tsaya a 1.67, wato ƙwayoyin kalsiyam su ninka na fosfarus sau 1.67, in aka yi gaggawar zuba asid wani sinadarin daban ne zai fito. Ɗalibanmu mata ne suka riƙe wannan ɓangaren, sun kuma yini a tsaye ba ƙorafi. Allah ya saka musu da alheri.

Garin ya fito fari sol, amma ina roƙonmu kada wani ya fita yana cewa mun haɗa ƙashin da za a sa wa mutum. Dagwalon kabaid na ɗauke da datti irin su ƙarfe da farar wuta, kuma ba mu da na'urar da za ta tabbatar mun raba shi da su. Abin da zai shiga jikin ɗan Adam sai ya bi ta gwaje-gwaje masu tsawo da amincewar NAFDAC.

Abin da ya fi faranta mini rai ya zo ne ta hanyar tsautsayi. Muna ƙona ƙasusuwan shanu da mahauta suka ba mu don mu samu irin wannan garin daga cikinsu, wuta ta ɗauke a tsakiyar aiki, ƙashin ya fito ruwan toka maimakon fari. Har mun yi niyyar zubarwa, sai wani dattijonmu ya ce mu dakata, ai irin wannan gawayin ƙashin ne yake zuƙe fuloraid, sinadarin da yawansa ke rina haƙora, daga ruwan sha, wanda ya ƙone fari fat ma bai kai shi ba. Mambobinmu 'yan Kaltungo sun san yadda ruwan wasu rijiyoyi ke rina haƙoran yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade kada fuloraid ya wuce miligiram 1.5 a lita. Ƙashin kuma na shanun da aka yanka ne bisa shari'a, don haka mutane ba za su ƙyamace shi ba. A ganina nan ya kamata mu karkata baɗi.

Mun kai ziyara makarantun sakandare, mun kuma zauna da masu walda kan su riƙa tara dagwalon a durom maimakon kwata.

Kuɗin bana ya tafi ne a asid, man janareta da safar hannu, ma'aji zai karanta dalla-dalla. Masu bashin kuɗin wata su taimaka su biya kafin taro mai zuwa, domin na'urar auna fuloraid muke son saye, ita ce za ta nuna mana ko matatar ruwa ta gawayin ƙashi da muke shirin haɗawa tana aiki.

Sakataren ƙungiya