Barka da Sallah daga Birmingham

Assalamu alaikum, Inna.

Barkanku da Sallah, Allah ya maimaita mana. Na san Habu ne zai karanta miki wannan a tsakar gida, to ya ɗaga murya har su Gwaggo su ji.

Da safe muka yi Idi a filin Small Heath, inda masallacin Green Lane yake tara jama'a. Mutanen Pakistan ne suka fi yawa, sai Somaliyawa da Larabawan Yaman, mu kuwa 'yan tsiraru. Na sa farar shaddar nan da hular da Baba ya ba ni, har wani dattijo ya riƙe hannuna yana tambayar inda ake irin wannan aiki. Ana idarwa kowa ya kama gabansa, don a nan ba ranar hutu ba ce.

Abin da ya karya min zuciya shi ne ban ji ƙauri ba. Doka ta hana yanka a gida, sai a mayanka mai lasisi, shi ya sa na turo kuɗin layyata. Ina tafe ina tuna yadda war haka an gama fiɗa, yara sun kewaye tabarma suna jiran hanta, ke kuma kin ɗora babban kaskon nan. Hanjin da kike naɗewa da kitse, ki soya har ya yi ja, ki barbaɗa yajin da kika daka tun jajibere, shi nake gani a idona tun safe. Sauran naman a rataye ya kwana ya tsane, gobe a wuni ana suya, a ƙofar gida kuma ana babbakar kai da ƙafa, hayaƙi ya cika unguwa. Na sayi nama a shago na soya a ɗaki, ya ciwu, amma ba shi ba ne. Don Allah a ajiye min kakide ko gwangwani ɗaya.

Karatu alhamdulillahi. Digiri na biyu a nan shekara ɗaya ne, an gama darussa, saura kundin bincike da zan miƙa a Satumba. Ina rubutu ne kan koyar da lissafi a aji mai cunkoso, irin nawa da na baro mai yara fiye da 90. An kai mu wata firamare mu ga yadda suke yi. Ajin 'yan shekara 5 zuwa 7 doka ta hana ya wuce yara 30. Amma ba wannan ne ya tsaya min a rai ba. Kowane yaro yana da ɗan farin allo a hannu, malama ta yi tambaya, su rubuta amsa su ɗaga sama gaba ɗaya, nan take ta gane wanda ya fahimta da wanda aka bari a baya. Inna, allo ne fa, ɗan'uwan wanda muka riƙe a makarantar Malam! Da falankin katako da alli zan iya yin haka a gida, ko wuta ba a buƙata.

Kawu ya tambaya ko zan zauna. Hanya dai a buɗe take. A Fabrairun 2023 aka ba malaman lissafi da kimiyya da harsuna daga Najeriya damar neman shaidar koyarwa ta Ingila da ake kira QTS, wasu kuma sukan yi kwas ɗin koyarwa na PGCE na shekara ɗaya, kuma makarantun nan suna neman malaman lissafi sosai. Abokaina da suka zaɓi haka ban ga laifinsu ba. Ni dai tun Janairun 2024 aka hana ɗalibai irinmu zuwa da iyali, ga shi an yaye Ummi ba na nan. In Allah ya yarda gida zan dawo, in nemi koyarwa a kwalejin ilimi, wurin masu NCE, don su ne za su shiga azuzuwan nan gobe. Digiri na uku kuma ABU ta ishe ni.

Hassana, ki daure ki ƙarasa NCE ɗinki, ki yi rajista da hukumar rajistar malamai ta TRCN, kada ki saurari masu cewa malanta aikin wanda ya rasa ne. Habu, digirinka na kimiyya bai zama na malanta ba sai ka ƙara da difloma ta koyarwa, wato PGDE, ana yi a cibiyar malamai ta ƙasa, NTI Kaduna.

A gaishe da Baba, ya ci gaba da sa min albarka. Ina gaida Gwaggo, da fatan ƙafar ta yi sauƙi, na samo mata man shafawa. Kawu da Baffa da iyalansu. Maman Ummi mun yi waya, amma a ƙara gaishe ta, ta sha ɗawainiya a shekarar nan, Allah ya saka mata. Ummi a sa mata lalle, a ɗauko min hoto da kayan Sallarta, a ba ta hanta a madadina. Malam na makarantar allo a kai masa cinya guda daga ragona, a faɗa masa labarin allon nan. Maƙwabta duka ina gaisuwa.

Ɗanki,
Sani