Kokenmu Kan Karancin Jini Da Yunwa Da Ke Cin 'Ya'yanmu A Makaranta

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamaninka, Allah ya kara maka lafiya da nisan kwana, ya kare ka daga sharrin mahassada.

Ranka ya dade, mu iyayen yaran firamare ne da wasu malamansu, kuma wallahi tura ce ta kai bango shi ya sa muka rubuto. Ranar Litinin da ta wuce ana tsaka da asambuli wata yarinya 'yar aji biyar ta yanke jiki ta fadi, aka kwashe ta sai asibiti, likita na jan fatar idonta ya ga fari fat, da aka auna aka ce jininta ya yi kasa sosai sai an yi mata kari, ubanta ya wuni yana yawon neman wanda zai ba da jini har dare. Yarinyar nan ta dade tana cewa jiri take ji da kasala, ana ta yi mata fada wai lalaci ne. Ranka ya dade irinta nawa ne suke gyangyadi a aji ana zane su alhali jini ne babu?

Ma'aikatan lafiya sun ce mana abin ba boyayye ba ne. Yaro ya fito ba karin kumallo, abincin gida ba mai gina jini ba, ga maleriya, ga tsutsar ciki da ke shiga ta tafin kafa tana shan jini saboda ba takalmi ba bandaki, ga tsargiya a wajen masu wanka a kududdufi, 'yan matan da suka fara al'ada kuma nasu ya fi muni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dan shekara 5 zuwa 11 in awon sinadarin da ke sa jininsa ja (haemoglobin) bai kai 11.5 ba to yana da karancin jini, kuma ta ce a rika raba wa 'yan makaranta maganin tsutsa irin albendazole sau daya ko biyu a shekara inda cutar ta yi yawa. Kwaya daya tak fa ranka ya dade, amma namu yaran sun manta rabonsu da ita.

Mun je wajen hedimasta, mun je wajen mai unguwa da dagaci, mun kai takarda ofishin ilimi, kullum sai a ce ana dubawa, har mun gaji da jin ana dubawa.

Don girman Allah ka sa baki a turo ma'aikata su auna jinin yaran nan kaf, a ba su maganin tsutsa da kwayar karin jini, a dawo da ciyarwa a makaranta ko da sau daya ne a rana, a gyara bandaki da famfon da ya lalace, a raba gidan sauro. Masu sikila kuma a gano su a san da su. Awon jinin nan dai ranka ya dade shi muka fi roko, a yi shi kafin a tafi hutu, kada wani ya sake faduwa.

Allah ya ja zamaninka, a gafarce mu in harshenmu ya yi kaushi.

Talakawanka,
Iyayen yara da malamai