Sanarwa kan zaman Asabar

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar Asabar bayan la'asar za mu haɗu a Samaru, mu kafa saba, wato kwamfutar da za ta riƙa tara log ɗin manhajojinmu wuri guda, ta amfani da manhajar Grafana Loki. Log shi ne bayanin da manhaja ke rubutawa kan abin da ke faruwa a cikinta.

Kafin nan, don Allah kowa ya gyara log ɗin manhajarsa. A daina rubuta "an samu matsala" kawai. Wace matsala, a ina? Kowane layi ya fita a JSON, wato tsarin rubutu da kwamfuta ke iya karantawa, ɗauke da: lokaci, girman matsalar, sunan manhaja, sai lambar buƙata, wadda da ita ake bin sawun ciniki tun daga wayar mai saye har rumbun bayanai. Lokaci a sa UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya, agogonmu ya riga shi da awa 1.

Kalmar sirri da BVN kuwa, kada a kuskura su shiga log, amanar mutane ce.

Kowa ya zo da kwamfutarsa cike da caji.