Zagin ƙabila a waya ba wasan taubasai ba ne

Malam Edita, assalamu alaikum, ina gaishe ku da aiki. Daga Tawa nike rubuto wagga takarda kuma wallahi raina a ɓace yake.

Satin da ya wuce wani ya turo hoton wani yaro a gurup ɗinmu na unguwa a WhatsApp, haɗe da bokal, wato saƙon murya, na minti biyu, wai ga ɗaya daga cikin masu kai ma 'yan ta'adda labari, wai ai duk Fulani haka suke. Na san yaron nan. Uwarshi ce ke kawo muna nono tun ina lakkol, shi ko kabu-kabu yake da baburin haya. Kafin magariba hoton ya kai gurup ɗin 'yan uwanmu da ke ci-rani a Abijan, kowa na ƙara nashi zagi, wasu har da cewa a kore su daga gari. Da munka tambayi wanda ya fara sakawa sai ya ce shi ma turo mishi anka yi. Yau kwana shida uwar ba ta shigo da ƙwaryarta ba.

Abin da ya fi ƙona min rai, mu ɗin nan ne munka yi ta Allah wadai a fada lokacin da anka yi ma ɗan ƙwallo Vinicius kukan biri a filin Valencia a 2023, mu ne munka yi kuka a watan Fabrairu na waccan shekara da shugaban Tunisiya Kais Saied ya yi magana kan baƙaƙen fata 'yan ci-rani aka shiga korar mutane daga gidajen haya. Idan Bature ko Balarabe ya yi muna sai mu ce wariyar launin fata, to idan mu munka yi ma Bafulatani ko Buzu mi sunanshi?

Wasu na cewa ai wasa ne. A'a. Mun san wasan taubasai, Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Zabarmawa da Buzaye, har UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 2014 da sunan Nijar. Taubashi gaba da gaba yake tsokanarka, ku yi dariya ku ci tuwo a kwano ɗaya, kuma ranar da ka shiga uku shi ne na farko a ƙofar gidanka. Wanda ya ɓuya bayan hoton zaki da sunan ƙarya yana kiran a zubar da jini wannan ba taubashin kowa ba ne.

Kuma ya kamata mutane su gane fushin nan namu akwai masu cin riba da shi. Takardun da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fitar a 2021 sun nuna cewa a 2017 na'urar kamfanin ta fara ba ƴan fuskokin nan da ake latsawa ƙarƙashin rubutu ko hoto, har da jar fuskar fushi, maki biyar inda layk ke da ɗaya, ke nan abin da ya fi tunzura mutane shi ake ƙara turo ma wasu, kai kana ƙone forfe ɗinka na intanet na jikka guda su suna saida talla. 'Yan siyasa ma sun gane hanyar. Ku tuna zaɓen shugaban ƙasa na 2020 zuwa 2021 yadda anka bar maganar tsaro da tsadar hatsi anka koma kan asalin ɗan takara da launin fatarshi, ko kana son mutumin ko ba ka son shi wannan ba hujja ba ce, kuma ƙarshenta bayan sakamako anka yi tarzoma a Yamai anka yanke intanet na waya kusan kwana 10.

Mu nan jihar Tawa mun san zafin ta'addanci, a watan Maris na 2021 mutum 137 anka kashe a garuruwan yankin Tiliya cikin yini ɗaya. Ciwon gaskiya ne, shi ya sa yake da sauƙi a taɓa shi a juya mu yadda ake so.

Doka akwai ta, ta laifukan intanet tun 2019, amma bokal na Hausa da ke yawo cikin gurup ko kamfanin WhatsApp kanshi ba ya jin abin da ke ciki, sai mu da ke cikin gurup ɗin. Shi ya sa nike roƙonku Malam Edita ku buɗe fili kowane sati inda za a riƙa bincika irin waɗannan hotuna da bokal, a faɗi wanne ne ƙarya, kuma ku yi shi da murya don iyayenmu da ba su karatun boko su ji. Malamai su ma su taɓo shi a huɗubar Juma'a.

Ni dai na yi magana a gurup, mutum biyu sunka goyi bayana, admin ya goge hoton bayan ya riga ya zagaya. Gobe in Allah ya so zan tafi rugar da kaina in gaida uwar yaron.

Naku,
mai karatu daga Tawa