Shawara ga masu fassara masu zaman kansu kan samun aiki da riƙe masu ba da shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a wannan jarida mai farin jini domin mu yi magana da matasan da suka rungumi sana'ar fassara suna cin gashin kansu. Yana damunmu ganin da yawansu sun iya aikin sarai, amma suna zaune babu mai nemansu.

Wanda ya ce yana fassara komai da komai ba a cika yarda da shi ba. Ka zaɓi fanni ɗaya ko biyu, kamar lafiya ko shari'a, ka bayyana su a shafinka na ProZ, wato dandalin masu fassara na intanet, ko LinkedIn. Saƙon neman aiki ya zama gajere: harsunanka, fanninka, kalmomi nawa kake gamawa a rana. Kamfanonin fassara kan ba da gwaji, kuma kalmomi 200 zuwa 300 sun wadatar. Wanda ya turo maka shafi biyar da sunan gwaji, aikin kyauta yake nema. Kamfanin da ba ka sani ba kuwa, duba sunansa a Blue Board na ProZ, inda masu fassara ke faɗin yadda aka biya su.

Yawancin rigima daga rashin yarjejeniya take tasowa. Kada ka yanke farashi sai ka ga takardar da idonka, domin rubutun da aka ɗauka a hoto, ko mai cike da jadawali, yana cin lokaci fiye da na Word. A rubuce za a ajiye adadin kalmomin rubutun da za a fassara, da kuɗin kowace kalma, da ranar biya, ko kwana 30 ne ko 60, da lokacin miƙa aiki. A nan ma a tantance: ƙarfe biyar na yamma da agogon wace ƙasa? Mai fassara da ke aiki a tsanake yakan yi kalmomi 2,000 zuwa 2,500 a rana. Wanda ya karɓi 10,000 a kwana biyu don gudun kada aikin ya kuɓuce masa, dole ya tsallake bita, kuma daga ranar an daina kiransa.

Abin da ke sa mai ba da aiki ya dawo shi ne daidaito. Ka buɗe wa kowannensu jerin muhimman kalmominsa da fassararsu, ka riƙa adana tsofaffin fassarori a manhaja irin su Trados ko memoQ, ko OmegaT wadda kyauta ce. Tambayoyinka ka tattara su a saƙo ɗaya tun ranar farko. In ka hango jinkiri, ka sanar tun da sauran lokaci. Kada kuma ka zuba takardun mutane a injin fassara na kyauta da ke intanet, musamman in ka sa hannu kan yarjejeniyar riƙe sirri. Wannan cin amana ne.

A kula da 'yan damfara da ke turo cek ɗin da ya zarce kuɗin aiki, su ce a mayar musu da ragowar. Bayan kwanaki banki zai ce cek ɗin na bogi ne, alhali kuɗinka sun riga sun tafi. Sabon mai ba da aiki in ba kamfani ba ne, a karɓi rabin kuɗin kafin a fara.

Mun gode.

Daga wasu masu sana'ar fassara